Ɗaura Wa Tarakta Cokalin Lodi a Ƙasar Yekuwa

Duk wanda ya ratsa ƙasar Yekuwa da bazara, ko kuwa ya bi hanyar da ta tashi daga Magarya ta nufi Dungas, a lokacin da gawo bai zubar da ganyensa ba kuma hadari bai fara haɗowa daga gabas ba, zai tarar aikin da ya fi cin ƙarfin mutane shi ne kai taki gona. Dalili kuwa a fili yake, gama ƙasar jigawa ce mai saurin gajiya, jama'a sun yi yawa har an daina barin gona ta huta kamar yadda kakanni ke yi, saboda haka wanda bai kai wa gonarsa taki ba da wuya ya ga damman da za su kai shi wata damina. Tun da asuba za ka ga samari a bakin turke ko a gindin juji, suna ɗiba da shebur suna zubawa a kwando, daga kwando a juye cikin mangala ko amalanke, sa'an nan a kora jaki ko a ja bijimai. Amalanken ya rage wahalar ɗauka, kuma masana'antar UCOMA ta Damagaram da maƙeran da suka koyi aikin sun taimaka wajen yaɗa shi cikin ƙauyuka, amma lodin kansa har gobe yana kan kafaɗar ɗan Adam. Haka abin yake ga yashin gini, da marmarar da ake cike ramukan hanya da ita bayan ruwa ya ci.

To, da yake tun daga shekarar 2012, lokacin da hukumar Nijar ta ƙaddamar da shirin nan na 3N domin 'yan ƙasa su ciyar da kansu, maganar noma da injuna ta ƙara ƙarfi, kuma da yake tarakta, ko da ba ta da yawa a wannan yanki, takan faɗo hannun wani ɗan kasuwa ko ƙungiyar manoma ko ƙaramar hukuma, ba abin mamaki ba ne mai ita ya dube ta tana zaune a rumfa watannin rani, ya ce me zai hana a ɗaura mata hannuwa da cokali a gaba, ta riƙa lodin taki da yashi tana biyan kuɗin manta. Wannan tunani daidai ne, ina kuma goyon bayansa. Sai dai akwai abin da nake so mai tarakta da makanikensa su riƙe a zuci tun kafin a kwance noti na farko: tarakta, daga ranar da aka ɗaura mata cokali, ta zama wata na'ura dabam mai wani hali dabam, kuma yawancin haɗarin da zai auku bayan wata shida a ranar ɗauri ake ƙulla shi.

Asalin ƙirar tarakta domin ja aka yi ta, da kuma ɗaukar kaya ta baya. Wani mutumin Ailan mai suna Harry Ferguson shi ya ƙago ƙugiyar nan mai hannu uku da ake rataya garma a kanta, ya yi rajistarta a 1926, kana bayan ya ƙulla yarjejeniya da Henry Ford na Amurka a 1938 aka fara ƙera taraktoci masu wannan tsari da yawa a 1939, kuma har yanzu a kan wannan tafarki ake. Saboda haka ne aka yi tayoyin baya manya, aka ɗora musu kusan kashi biyu cikin uku na nauyin motar, aka kuma sa birki a kansu kaɗai a yawancin taraktocin da muke gani, waɗanda tayoyinsu na gaba ƙanana ne, ba sa ja. Idan aka zo aka miƙa hannuwa biyu na ƙarfe suka wuce hancin motar, aka cika cokali da yashi, sai tayoyin gaba su zama maginshiƙi, nauyin da ke gabansu ya riƙa ɗage bayan motar sama. Duk wanda ya taɓa ganin an tara wa amalanken jaki kaya a bayan tayoyinsa har jakin ya ɗagu ƙafafunsa suna lilo ya riga ya fahimci mas'alar, sai dai a nan bayan tarakta ne a matsayin jakin, kuma a bayan nan ne birki da ƙarfin ja suke. Ƙa'idar tsohuwa ce ƙwarai, domin Sabitu ɗan Ƙurra, masanin nan na Bagadaza da ya rasu a shekarar 901, ya wallafa littafi sukutum a kan sikelin sanda, inda ya yi bayanin yadda ƙaramin nauyi da ke nesa da maginshiƙi yake rinjayar babban nauyi da ke kusa da shi. Ƙari a kan haka, sandar da ke riƙe da tayoyin gaba a tsakiyarta take rataye, tana karkata dama da hagu domin bin tudu da kwari, watau ba ta hana mota kifewa ta gefe. Tayoyin baya ne ke wannan aiki, muddin suna danne a ƙasa.

Kuskure na farko a kasuwa ake yinsa. Mutum zai je Damagaram, ko ya tsallaka iyaka ya gangara Kano ya shiga Ƙofar Ruwa, ya tarar da hannuwan lodi na hannu da aka ciro daga wata tarakta ta Turai, ya ga araha, ya ɗoro su a mota, ba tare da ya tambayi wace irin tarakta aka ƙera su dominta ba, ko kuwa ƙarafan da ke riƙe su a jikin mota sun zo tare da su. Alhali waɗannan ƙarafan gindi su ne ruhin aikin, kuma kowane samfurin tarakta da nasa, na Massey Ferguson ba sa hawa Mahindra, bal ma a cikin gida ɗaya na babba ba sa hawa ƙarama. Idan ba su hau ba sai a kira mai walda ya yanka, ya ƙara, ya huda. Ina girmama masu waldarmu, domin da hannunsu rabin injunan ƙasar nan ke tafiya, amma wajibi ne a san cewa yawancin taraktoci ba su da gangar ƙarfe irin ta babbar mota. Jikin injin, da gidan kuloci, da gidan giya, su aka ɗaure da juna da kusoshi suka zama ƙashin bayanta, kuma na zubi ne, ƙarfen zubi kuwa ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, tsagewa yake yi farat ɗaya. Shi ya sa masu ƙira suka bar ramuka na musamman a jikin motar domin ɗaura irin wannan kaya, suka kuma yi wasu dogayen ƙarafa da ke tafiya ta ƙarƙashi har su kama sandar tayoyin baya, don a raba nauyi kada ya taru a tsakiya. Wanda ya jefar da waɗannan dogayen ƙarafa don sun hana shi sakewa, ko ya sa walda a jikin gidan kuloci, la'alla wata rana ya soka cokali cikin tarin marmara motar ta rabe masa biyu. Idan dai dole sai an ƙera ƙarafan gindi a gida, to a bi ramukan da aka tanada, a yi da farantin ƙarfe mai kauri, a kai tokara har baya, kada kuma a ɗora wa ƙaramar tarakta hannuwan da aka yi wa babba.

Ranar haɗawa a nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, daɓen siminti in da hali, domin a rairayinmu jak nutsewa yake yi, ƙafar da aka tokare ƙarfe da ita kuma takan zame a hankali ba wanda ya lura. A kashe injin, a zare makulli a sa aljihu, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyi waigi. Hannuwan lodi da cokalinsu sukan kai kilo ɗari huɗu ko fiye, don haka ɗaga su aikin sarƙa da ƙugiya ne da aka rataya a wani abu tabbatacce. Tara majiya ƙarfi su ciccibe su ganganci ne, haka kuma tokare su da tubalin ƙasa ko bulon siminti, waɗanda kan farfashe ba tare da sanarwa ba. Katako mai kauri ya fi su aminci. Game da kusoshi kuwa, a duba kan kowanne, za a ga lamba a rubuce, 8.8 ko 10.9, wadda ke nuna ƙarfinsa. Mai lamba 4.6, wanda ya cika kasuwa kuma ya fi araha, rabin ƙarfin 8.8 gare shi, ko da kaurinsu ɗaya ne a ido. A sa kusoshin duka a sassauce tukuna, sai kowane rami ya hau ɗan'uwansa, sa'an nan a bi su a ɗaure da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, gwargwadon adadin da takardar mai ƙira ta faɗa. Ɗaurin da ake yi da dogon bututu, yaro ya hau kai yana tsalle, yakan miƙar da kusa ya raunana shi, in kuwa a ramin zubi ne ya cinye zaren ramin. Bayan an yi aikin yini ɗaya ko biyu a sake bin su ɗaya bayan ɗaya, domin fenti da tsatsa da ke tsakanin ƙarafa sukan murje su bar sarari.

Idan ƙarafan gindi sun zauna, sai a zo ga shigar da tarakta tsakanin hannuwan, waɗanda ke tsaye bisa ƙafafunsu na ajiya da cokali a kife a ƙasa. Direba zai shigo da giya mafi sanyi, a miƙe, mai yi masa ishara kuma ya tsaya a gefe inda ake ganinsa, faufau kada ya shiga tsakanin taya da ƙarfe. A nan ne ake rasa yatsu. Ramin hannu da ramin gindi sun kusa haɗuwa, saura kamar kaurin ƙwayar gero, sandar da za a zura ta ƙi shiga, rana ta take, gumi na zuba, sai yaron makanike ya zura ɗan alinsa cikin ramin don ya ji ta ina ya goce, direba kuwa a can sama bai gani ba, ya ɗan taɓa sandar da ke sarrafa man ɗaga cokali don ya taimaka. Ƙarfe biyu da suka goga da juna da irin wannan nauyi ba su da bambanci da almakashi. Abin da ake zurawa cikin ramin shi ne ƙarfe mai tsini da aka tanada don daidaita ramuka, ido kuma ya duba daga gefe. In sandar ta shiga, a shafa mata giris, a kulle ta da makullinta na asali. Lanƙwasasshiyar ƙusa ko waya da ake maye gurbinsa da su girgiza kan cinye su cikin 'yan kwanaki.

Sai kuma maganar mai, wadda a ganina ita ce aka fi jahilta, domin haɗarinta ba ya ganuwa. Abin da ke ɗaga cokali shi ne man da famfo ke turawa ta cikin tiyo zuwa silinda, bisa ƙa'idar da Bafaranshe Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa ruwan da aka matse a rufaffen wuri yakan isar da matsin ko'ina daidai wa daida. Matsin man tarakta yakan kai awo 170 zuwa 200 a ma'aunin da ake kira bar, alhali iskar da ke cikin tayarta ta baya ba ta cika kai 2 ba. Kafin a taɓa kowane tiyo, a sauke cokali ƙasa, a kashe injin, a kaɗa sandar mai gaba da baya, dama da hagu, har matsin ya fita, domin mutuwar injin ba ta nufin man ya saki. Akwai ma abin da ya shafi ƙasarmu musamman: hannuwan da aka cire da sanyin safiya aka bar su a rana, man da ke kulle cikin tiyonsu yakan yi zafi ya kumbura, ta yadda in an zo haɗawa da azahar bakin tiyon zai ƙi shiga. Nan ne wani zai ɗauki guduma ya doki ɗan ƙwallon da ke bakin, man ya feso masa a fuska. Gara a kai kayan inuwa a jira su huce, ko a naɗe mahaɗin da tsumma mai kauri a sassauta shi kaɗan kaɗan. A goge kowane baki tas kafin a haɗa, gama ƙurar hunturu da rairayi su ne ajalin famfo. A kuma lura da hanyar da tiyo ya bi, kada ya taɓa bututun hayaƙi, kada ya matse in an karya sitiyari har ƙarshe ko an ɗaga hannuwa har sama.

Taraktoci kuma ba tsarin mai ɗaya gare su ba: a wasu man yana zagayawa ne kullum yana komawa tanki, a wasu kuwa tsaye yake a matse sai an buɗe masa hanya, kuma akwatin sarrafa mai da aka yi don ɗayan in aka sa wa ɗayan zai dafa man ko ya kashe famfo. Cikin tsarin akwai wani ɗan bawul da ke sakin mai idan nauyi ya wuce ƙima. Sau da yawa direba kan yi ƙorafi cewa cokali ba ya ɗaga abin da yake so, makanike ya ƙara wa bawul ɗin tauri don ya faranta masa. Wannan cin amanar na'ura ne, domin ƙin ɗagawar shi ne faɗakarwar da ta rage tsakaninsa da fashewar tiyo ko karyewar sandar gaba.

Idan ana zaton wani wuri na yoyo, a kara guntun kwali a nema, kada a shafa da hannu. Man da ke fita ta hudar da ba ta fi bakin allura ba yana iya huda fata ya shige cikin nama, kuma matsi kaɗan ƙwarai, kimanin bar 7, ya isa yin haka. Abin tsoron shi ne ciwon da farko ba ya nuna kansa, ɗan ɗigo ne kamar sukar ƙaya, mutum ya goge ya ci gaba da aiki, kafin gari ya waye hannun ya kumbura, naman ciki ya fara mutuwa. Maganinsa fiɗa ce cikin 'yan sa'o'i, saboda haka wanda abin ya sama a Yekuwa ko Dungas kada a tsaya shafa masa komai, a ɗauke shi nan take zuwa asibitin Magarya, in ta kama a wuce da shi Damagaram, wadda ke kimanin kilomita 90 daga Magarya, kuma a gaya wa likita a fili cewa man inji ne ya shiga, kada ya ɗauka ƙaramin rauni ne.

Har yanzu aiki bai kammala ba sai an mayar wa bayan motar nauyin da cokali zai ƙwace mata. Hanya mafi inganci ita ce rataya nauyi a ƙugiyar baya, domin shi yana can bayan tayoyi, yana danne su yana kuma sauƙaƙa wa na gaba. Ba sai an sayo na kanti ba: gangar lita 200 in aka cika ta da kankare takan kai kusan kilo 480, in aka ratsa ta da sandar ƙarfe mai kauri tun kafin kankaren ya bushe sai ta ratayu daram. Ana kuma ɗura ruwa cikin tayoyin baya har kashi uku cikin huɗu, a bar sauran ga iska. Mutanen Turai sai sun gauraya shi da sinadari don kada ya daskare, mu kuwa Allah ya hutar da mu wannan. A buɗa tsakanin tayoyin baya gwargwadon yadda ƙirarsu ta yarda, a ƙara wa na gaba iska zuwa adadin da aka rubuta a jikinsu don ɗaukar kaya, a kuma canza su in sun tsattsage. Ya kamata direba ya san cewa cikar cokali ba ita ce ma'auni ba, domin cokalin da ya ɗauki busasshen taki cikin sauƙi, in aka cika shi da jiƙaƙƙen yashin ƙorama, wanda mita ɗaya murabba'i mai zurfin mita ɗaya nasa ke kusan tan biyu, nauyin zai ninka har fiye da sau biyu.

Gwajin farko a yi shi da cokali wofi, a fili, ba kowa kusa: a ɗaga a sauke sau da dama don iskar da ke cikin silinda ta fita, sa'an nan a kashe a duba man tanki a ƙara, gama silindodin sun sha nasu. Daga nan abin da ya rage hali ne na tuƙi, kuma jigonsa shi ne tafiya da kaya ƙasa ƙasa, a ɗaga kawai in an iso bakin tirela ko tifa, a tsaye, a wuri madaidaici. Yin kwana da cokali a sama, ko ratsa gefen tudu da shi, ko taka bakin rami, su ne ke kifar da mota, haka kuma ɗaga shi ƙarƙashin wayar lantarki a cikin gari. Ƙarfen nan mai kama da ƙofa da ake kafawa bayan kujerar direba, wanda wasu ke cirewa don ya hana su shiga ƙarƙashin gawo, shi ke hana motar danne mutum in ta kife, matuƙar ya ɗaura bel. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959, mace-macen kifewa kuma suka ragu ƙwarai a can. Ban ga hujjar da za ta sa a ɗaura cokali ga taraktar da ba ta da shi ba.

Na san za a ce ajali in ya zo ba makawa, kuma haka ne, amma malamanmu ba su taɓa ɗaukar imani da ƙaddara a matsayin izinin sakaci ba. Fuƙaha'un Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan Damagaram da Kano, sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka damƙa masa, sun kuma ɗora wa mahayi da mai jan dabba alhakin abin da ta taka. Ina ganin mai hankali ba zai sha wuyar gane inda makanike da direban tarakta suka faɗa cikin wannan ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yara. Tarakta in ta shigo ƙauye binta suke yi da gudu, cokali kuwa a idonsu wurin zama ne, wani direban ma da kansa yake ɗiban 'yan ƙwadago a ciki don ya rage musu hanya, ko ya ɗaga mutum sama ya sassabo reshe. Tiyo ɗaya ne tsakanin wannan mutum da ƙasa, in kuma ya faɗo a gaban taya zai faɗo. Haka nan wanda zai yi gyara ƙarƙashin hannuwan da aka ɗaga, lalle ya tokare silinda da ƙarfen tokara, in babu ya sauke su ya yi aikinsa a wahalce.

In lokacin huɗa ya zo, ya fi kyau a sauke hannuwan, domin suna tare wa direba gani, suna cin mai, suna kuma gajiyar da sandar gaba a banza. A sauke su a daɓe mai tauri da cokalinsu a jiki, gama shi ke hana su tuntsurawa, a kafa ƙafafun ajiya a kulle, a fitar da matsin mai kafin a zare tiyo, a toshe bakunan da murfinsu ko a ɗaure su da leda mai tsabta, a shafa wa sandunan silinda da suka fito giris saboda tsatsar damina. Wurin ajiyar ya zama mai inuwa kuma mai ƙofa, inda yara ba sa shiga wasa, ƙarafan gindi kuwa a bar su a jikin tarakta, a riƙa bin kusoshinsu da sifana duk lokacin da aka canza man injin.